Yadda bokitin lodar tarakta ke daidaita kansa, da yadda za ka gwada naka

Masu tarakta da loda a gaba, wato hannun ƙarfe mai bokitin kwasar kaya, sun fara yawa a nan Kaduna, musamman gonakin kaji na hanyar Abuja da hanyar Zariya inda ake kwasar kashin kaji, da masu loda yashi da tsakuwa, da manyan manoman masara na wajajen Saminaka. Amma da yawa cikin direbobin ba su san ko lodar tasu mai daidaita bokiti da kanta ce ko a'a ba, kuma wallahi wannan rashin sanin kan iya jawo asara, wani lokaci har da rai.

Toh matsalar ga ta. Hannun loda a jikin tarakta yake maƙale da fin, wato ƙusar ƙarfe mai kauri da yake juyawa a kanta, in yana tashi ba miƙewa sama yake ba, zagaye yake yi. Saboda haka bokitin da ka cika a ƙasa yana zaune daidai, kafin ya kai sama ya karkata baya, bakinsa na kallon direba, sai ka ga yashi ko dutse na zubowa kan bonet, in kuma katako ne ko damin ciyawa to kan mutum zai gangaro. Kamar ka ɗaga kwanon koko ne daga ƙasa zuwa saman kanka, in ba ka riƙa lanƙwasa wuyan hannu ba a jikinka zai ƙare. Aikin na'urar daidaitawa kenan, ita ke lanƙwasa wuyan hannun ba sai direba ya taɓa liba ba.

Abu na farko, ka gane wace iri ce gareka. Kashe tarakta, ajiye bokiti a ƙasa, ka tsaya a gefe ka duba. In ka ga wasu sandunan ƙarfe biyu kwance a saman hannun, sun taso daga ginshiƙin da ke jikin tarakta sun je sun haɗu da wani faranti mai kusurwa uku a gwiwar hannun, kuma silindar bokiti, wato bututun mai da ke miƙewa ya juya bokitin, a jikin farantin take ba a jikin hannun ba, to taka ta ƙarfe ce zalla. Sandar da hannun tafiya suke kafaɗa da kafaɗa, duk yadda hannu ya tashi sandar na riƙe farantin a kusurwarsa ta farko, shi kuma farantin ya tura silinda gaba, bokiti ya tsaya yadda ka bar shi. Tana aiki a hawa tana aiki a sauka, ba ruwanta da mai. Aibinta nauyi, da tare wa direba gani, da yawan fin ɗin da ke son giris. Wasu kamfanonin kamar Stoll na Jamus cikin hannun suke ɓoye sandar, don haka in ba ka ganta ba ka nemi farantin.

In babu sanda, bi tiyon mai da ido. Ka ga wani ƙaramin bawul da tiyoyi suka shiga daga silindar ɗagawa suka fita zuwa silindar bokiti? Wannan ta haidirolik ce. Lokacin da hannu ke tashi, man da ke fitowa daga gaban silindar ɗagawa, inda sandar ita silindar ke fita, maimakon duka ya koma tanki, bawul ɗin sai ya ɗebi wani kaso ya aika bayan silindar bokiti, ita kuma ta miƙe kaɗan kaɗan tana sunkuyar da bokitin gaba daidai gwargwadon karkatar da yake yi baya. Abin da mutane ba su lura da shi shi ne da yawa cikin irin wannan a hawa kawai suke aiki, in kana saukewa kai za ka gyara da hannunka, in ba haka ba kaya ya zame ta gaba. Akwai kuma ta lantarki mai na'urar auna kusurwa da ƙaramar kwamfuta, a manyan sababbin taraktoci irin na John Deere, ba ita ce ta yawaita a wajenmu ba. In ba sanda ba bawul ba waya, to lodarka ba ta daidaita komai, kai ne mai daidaitawa.

Sai gwaji, kuma nan ne ya kamata ka ba da lokaci. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, daɓen siminti ya fi, ka ɗaga kai ka tabbatar ba wayar wuta a sama. Ka bar inji ya ɗan yi aiki mai ya yi ɗumi, don mai sanyi da sassafen hunturu kauri gareshi zai ba ka sakamakon ƙarya. Ajiye bokiti ba kaya gindinsa a shafe da ƙasa, ka ja birki, sannan ka ɗaga a hankali ba tare da ka taɓa ɓangaren juya bokiti ba ko kaɗan. Tsaya a rabi, tsaya a ƙarshe, wani ya tsaya can nesa a gefe ya ɗauki hoto da waya a kowace tsayawa, kar ya kuskura ya shiga ƙarƙashi. Ka yi haka a sauka ma. Ɗan bambanci kaɗan ba komai ba ne, amma in ka ga bokitin ya kwanta baya sosai ko ya sunkuya, akwai magana.

A ta ƙarfe kusan kullum fin ne ko bushin, zoben da fin ke juyawa a ciki, ya cinye, ko sanda ta lanƙwashe saboda an tura kututture da ita. Sauke bokiti ƙasa, kashe inji, ka sa ƙarfe ka girgiza kowace mahaɗa, mai wasa za ta nuna kanta. A Panteka za a iya yanka maka bushin, amma dan Allah in sanda ce ta lalace kar ka bari mai walda ya yanke ya haɗa da ƙiyasi, tsawonta shi ne lissafin gaba ɗaya, ɗan ragi ko ƙari ya ɓata komai, kuma dole ta dama da ta hagu su zo ɗaya. A ta haidirolik fara da duba yawan mai da tsaftarsa da filta, sannan sil ɗin silinda, robar da ke hana mai tsallakewa. In ka ɗaga ka bar shi tsaye bokiti na sunkuyawa da kansa, mai na tsallakewa ta ciki, a sil ko a bawul. Yawancin bawul ɗin na da sukurin saiti, ka yi masa alama kafin ka taɓa, ka juya kaɗan ka sake gwadawa. Yoyo kuma da kwali ake nemansa ba da tafin hannu ba, matsin man nan na iya kai bar 180 zuwa 200 a ma'aunin matsi, yana huda fata ya shiga jiki, wannan maganar asibiti ce nan take.

Wajen aiki ka riƙe cewa da jikin tarakta take daidaitawa ba da ƙasa ba, in tarakta na kan gangara bokiti ma ya karkata tare da ita. Kusurwar da ka sa tun a ƙasa ita za ta riƙe, in ka sa ba daidai ba haka za ta kai maka shi sama. Falet, katakon da ake jera kaya a kai, mai buhun taki 20 tan guda ne cur, ba kowace loda ke ɗaukar wannan ba, duba lambar da ke jikinta, ka rataya nauyi a bayan tarakta, kuma ka yi tafiya da kaya kusa da ƙasa sai ka iso bakin tifa ka ɗaga. Giris kuma duk bayan kamar awa 10 na aiki, lokacin ƙurar hunturu ma kullum da safe, ka goge bakin kowane nonon giris, inda ake ɗurawa, kafin ka ɗura don kar ka tura ƙasa cikin fin ɗin.