Yadda nake ciyar da magunana ɗanyen naman kanti, da abin da za ka kiyaye kafin ka fara

Maguna biyu gare ni, Toka da Zuma, kuma shekara huɗu ke nan mafi yawan cimarsu ɗanyen nama ne irin wanda kamfanoni ke niƙawa, su haɗa, su daskarar, su sayar a cikin mazubi. A Manchester nake zaune, inda manyan shagunan kayan dabbobi ke da firiza musamman don wannan abinci. A gidanmu na Zariya kuwa, magen da na tashi da ita ragowar tuwo take ci da kan kifi, kuma lafiyarta lau. Sai da na girma na gane sirrin: da dare tana cika cikinta da ɓeraye a ɗakin hatsi. Ɓera ɗaya ya haɗa tsoka da ƙashi da hanta da zuciya, duk abin da jikin mage yake nema. Toka da Zuma ba sa fita, ba su taɓa kama ɓera ba. Don haka abin da ke cikin mazubin nan dole ya yi musu aikin da ɓera ya yi wa waccan.

Kafin ka sayi komai, ka kai magenka wurin likitan dabbobi a auna nauyinta, a duba haƙoranta da ƙodarta, musamman in ta fara manyanta. Ka shirya jin abin da ba lallai ya yi maka daɗi ba. Likitoci da yawa ba sa goyon bayan ɗanyen nama, ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ma tun 2012 ta fitar da matsayar cewa a guje shi saboda ƙwayoyin cuta. Tawa likitar ta faɗa mini haka baki da baki, kuma gaskiya ta faɗa. Na ci gaba ne saboda Toka ta daɗe tana fama da gudawa a kan busasshen abinci, ba ta kuma kula gwangwani, amma wannan ya karɓe ta. Idan magenka tana cin gwangwani mai kyau tana ƙoshin lafiya, ban ga dalilin da zai sa ka ɗora wa kanka wannan ɗawainiya ba.

Ka dubi mutanen gidanka kuma. In akwai mai juna biyu, ko yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko tsoho, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda ciwo ko magani, to ka bar maganar. Ɗanyen nama yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar salmonela da listeriya, mage ta ci ba ta nuna alamar komai ba, amma ta fitar da su a kashinta, ta lashi jikinta, ta zo ta kwanta a kan matashinka. Lokacin da ƙanwata ta zo mini da tsohon ciki, makonni biyu kafin isowarta na mayar da su gwangwani, ban koma ba sai bayan ta tafi da jaririnta.

Yanzu batun zaɓe a shago, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Ka juya mazubin ka nemi kalma guda. A Ingila da sauran ƙasashen Turai za ka ga an rubuta "complete" ko "complementary". Ta farko tana nufin cikakken abinci ne da mage za ta rayu a kansa shi kaɗai. Ta biyu ƙari ne kawai, irin na ɗanɗano. A Turai ana bin ma'aunin FEDIAF, ƙungiyar kamfanonin abincin dabbobin gida, a Amurka na AAFCO, ƙungiyar jami'an sa ido kan abincin dabbobi, don haka ka nemi ɗaya daga cikin sunayen nan a jiki. Ka kuma tabbata na mage ne. Na kare sun fi yawa a firizar, mazubansu kuma suna kama da juna, amma buƙatar kare daban ce.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne wani sinadari da ake kira taurin. Jikin mage ba ya iya haɗa wanda zai ishe shi, sai ta same shi a nama, ya fi yawa a zuciya da naman cinya. In ya yi ƙaranci, tsokar zuciyarta takan saki ta faɗaɗa, idonta kuma ya fara mutuwa a hankali. A 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano alaƙar ƙarancinsa da ciwon zuciyar maguna, daga nan kamfanoni suka ƙara shi a abincinsu. Ciwon ba ya bayyana da wuri, sai an yi watanni ana ganin mage tana wasa tana tsalle. Haka kuma tsoka zalla ba ta da isasshen kalsiyam. Ɗan mage da aka raina a kan tsoka kaɗai ƙasusuwansa za su yi laushi, su lanƙwashe, wani lokaci su karye ba tare da wata faɗuwa ba. Shi ya sa a cikin jerin kayan haɗin nake neman in ga nama, da zuciya, da hanta, da niƙaƙƙen ƙashi ko wani tushen kalsiyam, da taurin a rubuce. In na ga kayan lambu sun cika jerin sai in ajiye, don mage ba ta iya sarrafa sinadarin karas ya zama mata bitamin A yadda mu muke yi.

Ni musulma ce, abincin nan kuma a firijina zai zauna, don haka nakan karanta jerin har ƙarshe. Wani mazubin za a rubuta kaza a gaba da manyan baƙaƙe, amma a baya ka ga hantar alade ko zuciyarsa a ciki. Nakan tsaya kan zomo da rago da saniya, da kaza in ba lokacin murar tsuntsaye ba ne.

Wasu kamfanonin suna matse naman da ƙarfin ruwa mai tsanani don rage ƙwayoyin cuta, za ka ga haruffan HPP a jiki. Yana ragewa sosai, amma bai mayar da shi dafaffe ba. Haka wanda aka busar a cikin sanyi, mai kama da ɓarɓashin biskit: ɗanye ne shi ma, hannunka yana buƙatar wanki bayan ka taɓa shi.

Daga shago zuwa gida ina zuwa da jakar sanyi. Ina isa sai cikin firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, a aljihun ƙasa wanda na ware musu. Da dare nakan ciro abin da za su ci gobe, in saka a roba mai murfi, in ajiye a can ƙasan firij inda ruwansa ba zai ɗiga kan abincinmu ba. Kada ka narkar da shi a kan teburin kicin, kada ka saka shi a na'urar ɗumama abinci, don za ta dafa gutsattsarin ƙashin da ke ciki su yi tsini. Abin da ya narke ba na mayar da shi firiza, ba na kuma barinsa ya wuce kwana biyu. Ka riƙe wannan da kyau: daskarewa ba ta kashe salmonela ko listeriya, barci kawai suke yi, nama na narkewa su farka.

Mage dabba ce mai taurin kai a kan abin da ta saba. Zuma kwana uku kacal ya ɗauka, Toka kuwa sai da muka yi kusan wata guda. Na fara da rabin ƙaramin cokali a gefen kwanonta, ban cakuɗa ba, don ta shinshina ta saba da warin. Da ta fara lasa sai na riƙa cakuɗa kashi ɗaya cikin huɗu da tsohon abincinta, bayan kwana uku ko huɗu na kai rabi, a haka har tsohon ya ƙare. Sanyin firij yana kashe ƙamshin nama, don haka nakan zuba cokali biyu na ruwan ɗumi in juya. Wannan dabarar kaɗai ta shawo kan Toka.

Wani zai ce maka ka bar ta da yunwa, in ta ji jiki za ta ci. Kada ka yarda. Mage, musamman mai ƙiba, in ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse yakan taru ya toshe mata hanta, kuma ciwo ne mai kisa. In ta yi yini da kwana ba ta taɓa komai ba, ka mayar mata da abin da ta sani, in ta ƙi shi ma ka kira likita.

Yawan abin da za a ba babbar mage a rana yana kamawa ne daga kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta. Toka kilo 4 ce, tana cin giram 100, rabi da safe rabi da yamma. Zuma kilo 5 ne, ya ɗan yi teɓa, shi ma giram 100 nake ba shi. 'Yan ƙanana masu girma suna cin fiye da haka nesa, sau uku ko huɗu a rana, kuma sai ka nemi wanda aka rubuta ya dace da masu girma. Ka sayi ƙaramin sikelin kicin, ido yana yaudara. Duk wata nakan auna su: in hau sikeli riƙe da mage, in sauka, in hau ni kaɗai, in cire.

Abin da ba su cinye ba cikin minti 30 shara yake tafiya. Kwanonsu na ƙarfe ne mara tsatsa, don roba takan yi zane-zane inda ƙwayoyin cuta ke maƙalewa. Suna da cokalinsu da sosonsu daban. Bayan kowane ci nakan wanke kwano da ruwan zafi da sabulu, in goge wurin da ruwan bilic, in wanke hannuna sosai. Ba na barinsu su lashi fuskata bayan sun ci.

Akwatin kashinsu shi ne zai gaya maka yadda abin yake tafiya. Kashin zai ragu, warinsa ma haka. Za ka ga sun rage shan ruwa, kada hankalinka ya tashi, kusan kashi 70 cikin 100 na abincin ruwa ne. Amma in kashin ya fito fari, busasshe kamar alli, mage kuma tana yunƙuri, ƙashi ya yi yawa a haɗin, sai a canja. Gudawar da ta wuce kwana biyu, ko jini, ko amai a kai a kai, maganar likita ce.

Akwai abin da tsaftar kicin ba ta iya karewa, shi ne cutar da ta taho cikin naman tun daga tushe. A 2018 masana a Jami'ar Edinburgh suka fara ganin maguna a gidaje daban-daban na Birtaniya ɗauke da tarin fuka irin na shanu, alhali ba sa fita waje. Da aka bi diddigi sai aka ga duk suna cin ɗanyen naman barewar daji na kamfani guda, aka janye shi daga kasuwa. A watan Disamba na 2024 kuma wata magen gida ta mutu a jihar Oregon ta Amurka da murar tsuntsaye nau'in H5N1 bayan ta ci daskararren ɗanyen talotalo, shi ma aka janye shi. Wannan murar tana yi wa maguna mummunan kamu, sanyi kuma ba ya kashe ta, dafuwa ce ke kashe ta. Tun daga lokacin ba na sayen naman dabbar daji ko kaɗan, kuma duk sa'ad da aka ce murar tsuntsaye ta ɓulla nakan dakatar da kaza da agwagwa da talotalo. Ina ɗaukar hoton lambar da ke jikin kowane mazubi kafin in jefar, don in an sanar da janye wani kaya in san ko nawa na ciki.

In ka sami cikakken abinci, kada ka yi ta ƙara masa abubuwa. Hanta in ta yi yawa bitamin A yakan taru ya sandarar da ƙashin wuya. Wasu nau'o'in ɗanyen kifi suna lalata bitamin B1 a jikin mage. Tsire da kilishi da balangu kuwa, duk yadda ta kai ga kallonka, kada ka ba ta: albasa da tafarnuwa suna farfasa mata ƙwayoyin jini. Dafaffen ƙashin kaza shi ma yana tsagewa ya soki hanji.

Yayata da ke Kano ta ga hoton Toka ta ce ita ma za ta gwada da tata. Na ce mata, "Yaya, awa nawa kuke samun wuta a rana?" Ta yi shiru. Wannan abinci gaba ɗayansa a kan sanyi ya dogara, tun daga masana'anta har kwano. Naman da ya narke da rana ya sake daskarewa da dare idan an kawo wuta ba abin ba mage ba ne, balle a zafin watan Afrilu. Naman mahauta da aka niƙa a gida kuma bai zama cikakken abinci ba, komai kyansa. Na ba ta shawara ta nemi gwangwani ko busasshen abinci cikakke, ta ajiye ruwa mai tsafta a wurare biyu a gidan, in tana son faranta wa magen ta dafa mata zuciyar kaza biyu ko uku ba gishiri ba yaji, sau biyu a mako.