Darasi na 7: Tsare uwar kuɗi in kasuwa ta yi sanyi

Kowa a cikinmu ya ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta saka wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta katse wutar lantarkin da take ba mu. Motocin kayan da ke tasowa daga Kano su biyo ta Magarya ko Matamaye suka tsaya cik, ba a sake buɗe hanya ba sai watan Maris 2024. Dattawan ajin nan kuma ba su manta Janairu 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi.

Mai walda da mai sayar da ƙanƙara, su dai ranar da babu wuta sun san babu aiki. Wanda ake ji wa tsoro shi ne mai tebur da mai tuya, don su ciniki bai tsaya musu ba. Wanda ke sayen tiyar gero ya koma rabi, mai sayen kwalbar mai ta koma ludayi, amma kullum kuɗi na shiga hannu. A nan ne jari ke karyewa mai shi bai sani ba.

Mu yi lissafi

A ce wata mai ƙosai a unguwar Birni ta Damagaram ta sayo wake da mai da itace da barkono na jika 3 (jika ɗaya dala 200 ce). Ta soya, ta sayar, ta ƙirga jika 3 da dala 120. Ta ɗauki dala 120 ɗin nan ta yi cefane, a ganinta riba ce. Washegari ta je Kasuwar Dole, kayan jiya sun koma jika 3 da dala 60. Kuɗinta ba su kai ba, sai ta rage wake.

Ribarta ta gaskiya dala 60 ce. Sauran 60 ɗin uwar kuɗi ta ci a miya. In ta yi haka sau goma, ta cinye jika 3 cur, alhali ba ranar da ƙosai ya yi mata kwantai. Saboda haka kada a taɓa riba sai an tambayo farashin sari na yau, ba na jiya ba. A nemi gwangwani biyu: ɗaya na jari, ɗaya na gida. Na jari, ko biki ya taso, ba a buɗe shi.

To, ta ƙara kuɗi ne ko ta rage girman ƙosai? Yawanci ragewa ake yi, don yaron da aka aiko da dala 10 ba ya da wata a aljihu. Ni dai ina ganin a rage kaɗan, a kuma faɗa wa mai saye gaskiya. Amma a surka mai mai kyau da na jiya da ya ƙone, wannan korar masu ciniki ne.

Bashi

«Inna, Baba ya ce a ba da na dala 40, ƙarshen wata zai aiko.»

«To ɗan nan, tsaya in rubuta. Ka gaida Malam, ka ce da na shekaranjiya sun zama dala 80.»

Hana bashi gaba ɗaya ba ya yiwuwa a unguwa, bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma maƙwabcin da ka kora yau shi zai yi maka rana gobe. Abin da ke kashe sana'a shi ne bashin da aka riƙe a ka. Ga amfanin karatun da muke yi: kaye ƙarami (littafin rubutu) da bik (biro), suna, rana, kuɗi. A kuma sa wa kowa iyaka, in ya kai ta sai ya rage tsohon kafin sabo.

Masu zubin adashi, da matan da ke cikin asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991, su kula: kwasar da aka yi don ƙara jari kada ta tafi a anko.

Aikin gida

Mai tebur ya saro sukari da shayi da sabulu na jika 10, ya sayar jika 11 da dala 100. Daga ciki jika 1 bashi ne, bai shigo ba. Da ya koma sari, kayan sun zama jika 10 da dala 60. Nawa zai iya kai wa gida yau?

Sannan kowa ya rubuto sunan kaya uku na sana'arsa, da farashinsu na sari ranar Alhamis ɗin da ta wuce da na wannan Alhamis. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya rubuto lambobin kawai, sunayen mu rubuta tare a allo.