Kurakuran da ke mayar da mai ceto majinyaci

Kuskuren farko ido ne ke jawo shi. Ka diro daga motar asibiti, ka hango mutum kwance cikin jini, sai ka daina ganin komai sai shi. A haka ake taka wayar lantarki da ta faɗo, ko a durƙusa cikin fetur ɗin da ya kwarara. Kafin ka ɗaga ƙafa, tsaya a bakin ƙofar mota ka dubi sama da ƙasa da kewaye. In ka ga waya a ƙasa, ɗauka tana da wuta ko da ba ta tartsatsi, ka ja baya aƙalla mita 10, domin wutar na bin ƙasa. Wanda waya ta faɗo kan motarsa, ɗaga murya daga nesa ka ce ya zauna a ciki har a yanke wutar.

A kan titi kuwa, direbobin da ke wucewa haɗarin suke kallo, ba kai ba. A gitta mota tsakaninku da masu tahowa, a karya sitiyari zuwa gefen da ba kowa, don ko an daki bayanta kada ta afka muku. Rigar nan mai ƙyalli da ake cusawa ƙarƙashin kujera, a sa ta ko da rana tsaka.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaki a rufe, mutum uku ko huɗu suna kukan ciwon kai da jiri lokaci guda. Wataƙila iskar kabon monoksaid ce, iska mai guba da ba ta da wari, ba ta da launi. In ka tsaya auna hawan jini a ciki, kai ne na biyar. A fito da su, a duba su a fili.

Sai ciwon baya, wanda shi a hankali yake cin mutum. Ana sunkuyawa a cicciɓi majinyaci, ko a murɗa ƙugu a kan matakala da nauyi a hannu. Lanƙwasa gwiwa, jawo nauyin kusa da jikinka, wanda ke wajen kai ya ƙirga kafin a ɗaga. In ya fi ƙarfin mutum biyu, a nemo na uku.

Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi. A nan takan soki yatsa. Daga hannu sai akwatin zubar da allurai, kuma a ɗaura bel a bayan mota kafin direba ya tayar.