Yadda ake ƙara wa tsohuwar motar tsere ƙarfin birki a Kumasi

Wanda ya mallaki MGB ko Datsun 240Z, da ya ji birki ya yi sanyi sai ya nufi Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, neman manyan faifan birki. Dakata tukuna, maigida. Motocin nan ba su da nauyi, kuma da faifai a gaba, ganga a baya suka fito. Yawanci tsufa ne ya cinye birkin.

Fara da man birki. Nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan laima daga iska, laima kuwa Kumasi ba ta rasa ta. Sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. A gangaren duwatsun Kwahu za ka gane bambancin, ranar da ƙafarka ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Zubar da tsohon kaf. Kada ka gauraya da DOT 5, shi na silikon ne, ba sa jituwa. Ka kuma kiyaye jikin motar, man yana cin fenti.

Sai tiyon roba da ke kai mai ga ƙafafu. Tsoho yakan kumbura in an taka, ƙarfin ya tafi a banza. Sa mai saƙar ƙarfe.

Ɗora motar a kan abin tokara mai ƙarfi, jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Cire tayoyi, auna kaurin faifai, sa sabbin takalman birki hagu da dama tare. Ƙurar cikin ganga kada yaron shago ya hura ta da iska, tsoffin takalma na iya ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

MGB na farko-farko layin mai ɗaya gare su: ya fashe, birkin ƙafa huɗu ya tafi. Nan ne kashe kuɗi ya dace, ka ce wa makanike ya sa masta silinda, wato famfon da ke tura man birki, mai layi biyu.

Fitar da iskar da ta shiga layin mai aikin mutum biyu ne, ɗaya na takawa ɗaya na buɗe noti, ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta.

Daga nan, don sabbin takalman su zauna, ka sami hanya mara cunkoso, ka kai gudun kilomita 50, ka taka har ta kusa tsayawa, kamar sau goma. Sannan ka ci gaba da tafiya a hankali har faifan su huce.