Babi na 4: Haɗarin Haɗa Amfilifaya da Wutar Soket Ba Tare da Taransifoma Ba

Darasi na 1

Sannu da ƙoƙari. Karanta a hankali, ba sauri ake ba.

Wutar soket a ƙasashe da yawa volt 230 ce. Idan ta bi ta diyod huɗu, ƙananan sassan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ta shiga babbar kafasita, wato gwangwanin nan mai ƙafa biyu, takan hau zuwa kusan 325. Ƙaramar amfilifaya kuwa 12 zuwa 24 take so.

Taransifoma aiki biyu take yi: tana rage wuta, tana kuma raba ka da wayar soket. Na biyun ake mantawa. In babu ita, wuta na iya bin akwatin ƙarfe, da wayar lasifika, har makirufon da mutum ke kaiwa bakinsa. Fiyus waya yake karewa, ba ya kare mutum.

Darasi na 2

Nan ne ɗalibai ke tuntuɓe. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Zare filogi daga bango, ka ajiye shi inda kake ganinsa. Kashe makunni bai wadatar ba. Ɗauko rezista, sashen da ke rage gudun wuta, mai kilo-ohm 10, wat 5, mai wayoyi rufaffu da roba. Ɗora ta a ƙafafun kafasitar biyu, da hannu ɗaya, ɗayan hannun a aljihu. Jira rabin minti, ta sauke wutar da ke cikin kafasitar. Sa mitar auna wuta a volt na DC, wato wuta irin ta batir, ka auna ƙafafun. Sai ta nuna kusan sifili za ka taɓa.

Maimaita: zare, sauke, auna. In ka rikice ba komai, kowa da haka ya fara. Sake faɗa: zare, sauke, auna. Ka fita ka dawo? Sake aunawa. Wani ya ce ya riga ya sauke? Auna da kanka.

Kuma don Allah a daina haɗa ƙafafun da sukudireba! Sau nawa za a faɗa? Tartsatsin yana cin ƙarfe, yana lalata kafasita. Ba gwaninta ba ce, ganganci ne. Zare, sauke, auna.

Darasi na 3

Wasu na rage wuta da ƙaramar kafasita a maimakon taransifoma. Mai girman mikrofarad 1 kusan miliam 70 kawai take bayarwa, kuma miliam dubu ke yin am ɗaya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Ba za ta ɗauki lasifika ba, kuma ba ta raba ka da soket.

Darasi na 4

Sa taransifoma, ko adafta mai taransifoma a ciki. Duba volt da am da aka rubuta a jikinta, su dace da amfilifayar.