Kurakuran da aka fi yi wajen ba da tarihin buga littafi

Kusan duk ɗalibin da aka tambaya wa ya ƙirƙiro buga littafi, amsarsa ɗaya ce: Gutenberg, Bajamushe. Wannan amsa ce uwar kurakuran, domin sauran duk daga cikinta suke fitowa.

Tun kafin kakannin Gutenberg su zo duniya ake ɗab'i a ƙasar Sin. Sukan sassaƙa shafi guda cur a kan allon katako, su shafa tawada, su manna takarda. Akwai littafin addinin Buddha da aka buga ta haka a shekarar 868, yana ajiye a Landan har yau. Wajen 1040 kuma wani mai suna Bi Sheng ya yi haruffa ɗai-ɗai da yumɓu gasasshe, waɗanda ake jerawa a buga, a warware, a sake jerawa. Mutanen Koriya suka zuba nasu da ƙarfe, kuma littafinsu Jikji ya fito a 1377, shekara 78 kafin Baibul ɗin Gutenberg na 1455.

Kada kuma ka ce Gutenberg bai yi komai ba, wannan ma kuskure ne. Faɗi abin da ya yi a birnin Mainz wajen 1450: ya ƙera ƙaramin mazubi da ake zuba narkakken haɗin dalma da kuza a ciki, haruffa su fito iri ɗaya da sauri; ya haɗa tawada mai mai wadda ke kama ƙarfe; ya ɗauko dabarar matse inabi ya mai da ita matsin takarda. Haɗa waɗannan wuri guda shi ne aikinsa. Kafin 1500 garuruwan Turai fiye da 200 sun sami maɗaba'a.

Wasu kan tambaya, in Sinawa ne suka riga, me ya hana su cin moriyar haruffan ɗai-ɗai? Sai su yanke hukuncin cewa koma-baya ne. Lissafi ne kawai. Baturen da ke da baƙaƙe ashirin da 'yan kai, akwati ɗaya ya ishe shi, Basine kuwa alamomin rubutunsa dubbai ne. Sassaƙa allo ya fi masa araha, kuma a zamanin daular Ming kasuwar littattafai cike take.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne wanda mu kanmu muke maimaitawa: wai Musulmi sun haramta injin ɗab'i. Ana yawan cewa Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya hana a 1485, amma labarin daga bakin wani matafiyi Bafaranshe ya yaɗu, kuma masana ba su ga takardar umarnin ba. Abin da ya tabbata ga shi. Yahudawan da aka koro daga Andalus sun kafa maɗaba'a a Istanbul tun wajen 1493. An buga Alƙur'ani a birnin Benis na Italiya wajen 1538, ya fito da kurakurai masu yawa, wanda ya isa ya sa kowane malami ya ja baya. Sai a 1727 Sarki Ahmad na Uku ya ba Ibrahim Mutafarrika izinin buga littattafan da ba na addini ba, ya fitar da na farko, ƙamus, a 1729. (A kula: Daular Usmaniyya ta Turkiyya ake nufi, ba ta Sakkwato ba, na sha ganin an cakuɗa su.)

Jinkiri dai an yi shi, ba a musun wannan. Amma ka kawo dalilan. Baƙaƙen Larabci a sarƙe suke, harafi ɗaya kan sauya kama a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, ga wasulla sama da ƙasa. Ga marubuta masu yawa da ke ci da alƙalami. Ga kuma al'adar karɓar littafi daga bakin malami, inda almajiri zai kwafa, ya biya a gabansa, a gyara masa. Da aka samo dabarar buga rubutu daga kan dutse a 1796, wadda ke fitar da hannun marubuci yadda yake, Musulmin Indiya da Farisa sun rungume ta a ƙarni na 19. Ko Alƙur'anin Warshu da ake saye a Kasuwar Kurmi, yawanci hoton rubutun hannun wani gwani ne aka buga.

Daga nan sai kuskuren auna ilimin al'umma da inji. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rayu daga 1556 zuwa 1627, an ruwaito cewa littattafansa sun kai 1,600 lokacin da sojojin Maroko suka tafi da shi Marakish, duk kuwa rubutun hannu ne. Katsina ta yi Ɗan Marna da Ɗan Masani a ƙarni na 17. Muhammad al-Katsinawi ya yi rubutu kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Takardar da malamanmu suka daɗe suna rubutu a kai ma, mai tambarin jinjirin wata uku, daga arewacin Italiya fatake suke ratso Sahara da ita.

In ka zo rubuta shekaru kuma, 1455 ƙarni na 15 ne, ba na 14 ba, 1729 kuwa ƙarni na 18. Ƙara ɗaya a kan lambobi biyun farko, in ban da shekarar da ta ƙare da sifili biyu, kamar 1500, wadda ita ce ƙarshen ƙarni na 15.