Darasi na 9: Farin Garin da Ake Ɓatawa Don Ya Ƙara Aiki

A cikin farin fentin bango akwai wani gari mai suna titaniyam dayoksaid. Shi ne ke ba fentin farinsa.

A 1972 wasu masana biyu a Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa in haske ya sauka a kan wannan sinadari, yakan raba ruwa gida biyu: iskar haidurojin da iskar oksijin. Daga baya aka ga yana ruguza dattin ruwa, kamar launin rini, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta. Shi kuwa garin ba ya ƙarewa.

Sai dai yana da tsirfa. Hasken da yake sha shi ne wanda ido ba ya gani, wato ultrabayolet, kuma wannan bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Sauran sai ya mayar da shi.

A nan dabara ta shigo. Ƙwayoyin zarra na wannan gari a jere suke, sahu-sahu, titaniyam da oksijin. Masana sukan ɓata jeren da gangan: su zare wasu ƙwayoyin oksijin, su bar gurbinsu fayau. Waɗannan guraben su ke sa garin ya kama hasken da a da yake wuce shi. A 2011, a Kalifoniya ta Amurka, Xiaobo Chen da Samuel Mao da abokan aikinsu suka gasa garin cikin iskar haidurojin mai matsi, a zafin digiri 200, har kwana 5. Ya fito baƙi ƙirin, yana shan hasken da ido ke gani.

Amma ba a cika hannu. Gurbin da ke saman ƙwayar gari yana taimako, don nan ruwa da datti ke taɓawa. In guraben suka yi yawa a can ciki, ƙarfin da haske ya tayar yakan mace a cikinsu tun bai fito waje ba.

A kula: kada wani ya zuba fenti a ruwan sha. Garin fenti an lulluɓe shi don kada ya yi wannan aiki, ga kuma wasu sinadarai a ciki.

Aikin aji: ku shanya farin ƙyalle da baƙi a rana, bayan rabin awa ku taɓa. Wanne ya fi zafi? Ku rubuta dalili a jimla biyu, sannan ku faɗi abin da ya sa masana suka so garin ya koma baƙi.